Zuga-Zugin Kyamara: Tarihin Fatar Da Ke Tsare Duhu

Yau tarihin wani yanki guda na tsohuwar kyamara za mu bi, yankin da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ya lalace.

Da yawanmu mun taɓa ganin irin kyamarar nan, ko a tsohon hoto ko a fim: akwatin katako bisa ƙafa uku, mai hoto ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle yana murɗe-murɗe. Tsakanin allon gaba mai ɗauke da idon kyamara da allon baya inda ake saka fim, akwai wata baƙar riga mai ninki-ninki, tana miƙewa tana takurewa. Ingilishi da Faransanci da Jamusanci duk sunan zuga-zugin maƙera suka ara suka ba ta, mu ma da shi za mu kira ta. Aikinsu ne ya bambanta. Na maƙeri iska yake hurawa, na kyamara kuwa duhu yake tsarewa.

Katakon irin wannan kyamara yana iya haura shekara ɗari, tagullarta ma haka, gilashin idonta kuwa in ba faɗuwa ya yi ba ya fi su duka daɗewa. Zuga-zugi ne mai gajeren kwana. Fata ce da ƙyalle da kwali da gam, kuma kullum cikin lanƙwasa take. Duk wanda ya gaji irin wannan kyamara ko ya saye ta, ko ba jima ko ba daɗe sai ya nemi sabon zuga-zugi. Kafin mu zo kan yadda ake nemansa, bari mu ga abin da ya sa aka ƙirƙiro shi tun farko.

Akwati cikin akwati

Asalin kyamara ɗaki ne mai duhu da ƙaramar kafa. Ibn al-Haitham, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira ya kuma rasu wajen shekarar 1040, ya yi bayanin yadda hasken da ya ratsa ƙaramar kafa yake zana surar abin da ke waje a bangon ciki, kai a ƙasa. Da aka zo aka saka gilashi a bakin kafar, sura ta ƙara haske, amma wata matsala ta taso. Gilashin yana tattara surar ne a wani nisa ƙayyadadde a bayansa, kuma wannan nisa yana canzawa. Idan abin da ake ɗauka yana can nesa, allon baya ya matso kusa da gilashi. Idan yana kusa, sai allon ya ja baya. Ke nan ana bukatar ɗaki mai duhu wanda tsawonsa ke ƙaruwa yana raguwa.

Amsar farko ta kafintoci ce. A watan Agustan 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Paris, kuma kyamarar da Alphonse Giroux ya ƙera ya sayar don wannan aiki akwatuna biyu ne na katako, ƙarami yana zamewa cikin babba kamar aljihun tebur. A ja shi baya, a tura shi gaba, har sura ta fito tar. Dabarar ta yi aiki, amma tana da nauyi. Kyamarar da sauran kayan haɗin magungunanta sun tasam ma kilo 50. Ga shi akwati ba ya iya takurewa ya gaza tsawon kansa, ba ya kuma miƙewa ya wuce ninkin tsawonsa.

Kafin shekara ta zagayo wani Bafaranshe, Baron Séguier, ya nuna kyamara mai jikin fata da ake iya ninkewa. A 1851 kuma kamfanin W. da W. H. Lewis na birnin New York ya samu takardar mallakar fasaha ta kyamara mai zuga-zugi, wadda ta samu kasuwa a Amurka. A wannan shekara ce dai Frederick Scott Archer na Ingila ya fito da dabarar ɗaukar hoto a kan farantin gilashi mai danshi. Sai an shafa wa gilashin magani, a ɗauki hoton, a wanke shi, duk kafin ya bushe. Wannan ya tilasta wa mai hoto yawo da ɗakin duhunsa duk inda za shi. Roger Fenton da ya je ɗaukar Yaƙin Kirimiya a 1855, keken doki guda ya mayar ɗakin wanki. Mutumin da ke jan irin wannan kaya, duk abin da zai rage masa kilo ɗaya abin so ne.

Zuga-zugan farko faɗinsu ɗaya ne daga gaba har baya, saboda haka idan an takure su ninki yana hawa kan ninki, su yi tudu. A 1857 wani mai zanen gine-gine a Edinbara ta ƙasar Sikotland, Charles Kinnear, ya tsara wanda bakinsa na gaba ya fi na baya ƙanƙanta, kamar mazurari mai kusurwa huɗu. Idan aka takure shi, kowane ninki sai ya shige cikin na bayansa. Babbar kyamara ta koma tana naɗewa kamar ƙaramar jakar hannu. Yawancin kyamarorin katako da ake fita da su waje har gobe a kan wannan tsari suke.

Abin da laushi ya haifar

Don rage nauyi aka kawo zuga-zugi, amma babbar ribarsa ta ɓullo ta wani gefen. Tun da abin da ya haɗa allon gaba da na baya mai laushi ne, ba dole ba ne allunan biyu su tsaya daidai da juna. Ana iya ɗaga na gaba sama, ko a gusa shi gefe, ko a karkata shi, duhun ciki yana nan yadda yake.

Mu ɗauki misalin dogon gini. Duk wanda ya taɓa ɗaga wayarsa don ya ɗauki hasumiya ya ga yadda ginin ke tsukewa ta sama kamar zai faɗi da baya. Dalili shi ne an karkata kyamarar. Mai zuga-zugi ba ya karkata tasa. Yana barin allon baya a tsaye cak, daidai da bangon ginin, sai ya ɗaga idon kyamara sama kawai. Kan hasumiya ya shigo cikin hoto, bango kuma ya fito a miƙe. Don irin wannan aiki ne Frederick Sanderson na Kambirij, mai sha'awar ɗaukar gine-gine, ya tsara allon gaba mai motsi ta fuskoki da yawa, ya yi masa rajista a 1895.

Karkata allon gaba kuwa wani aikin yake yi. Da shi ake sa shimfiɗaɗɗen fili ya fito tar tun daga tsakuwar da ke gaban ƙafar mai hoto har zuwa dutsen da ke can nesa. Ƙa'idar lissafin wannan tana ɗauke da sunan Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Ostiriya, wanda ya bayyana ta cikin takardar mallakar fasaharsa ta 1904. Akwatin katako biyu ba za su taɓa ba da wannan dama ba.

Yadda ake ɗinka duhu

Zuga-zugi hawa uku ne. Daga ciki akwai siririn baƙin ƙyalle marar ƙyalli, don kada haske ya yi tsalle a jikinsa. A tsakiya akwai haƙarƙari, wato siraran yankakkun kwali da ake jerawa a manne, a bar 'yar tazara tsakanin kowane biyu. A wannan tazara ne ninki ke faɗawa. Daga waje kuma sai fata da aka fere ta yi siriri ƙwarai, ko ƙyalle mai rufin roba. Idan zuga-zugi yana da ninki 20, kowane ninki haƙarƙari biyu ne a kowane gefe, gefe kuma huɗu ne, kwali 160 ke nan za a yanka ɗaya bayan ɗaya. A irin na Kinnear ma ba girmansu ɗaya ba, mai faɗi da marar faɗi ake jerawa bi da bi, tsawonsu kuma yana raguwa zuwa gaba. Kuskuren milimita ɗaya a farko yana iya karkatar da aikin gaba ɗaya.

Rauninsa yana kusurwa. A nan ninkin gefe biyu ke haɗuwa, a nan babu kwalin da zai tallafa, a nan kuma fata ke gogar juna duk lokacin da aka buɗe kyamara ko aka rufe. Da shekaru suka tura sai ƙananan huji su ɓullo, wasu ba su kai bakin allura ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hujin da ido ba ya gani ya isa ya zuba hazo ko farin zane a kan fim, kuma mai hoto ba zai sani ba sai ya dawo gida ya wanke.

Turawan da suka fita da kyamarori zuwa Indiya da Afirka sun ga yadda zafi da danshi da ƙwari ke cin wannan kaya. Gam ya saki, fata ta yi fumfuna, gara da kyankyasai su yi biki. Shi ya sa masana'antun Ingila da Jamus suka riƙa ƙera samfuri na musamman don ƙasashe masu zafi: katakon tik, kusurwoyi ɗaure da tagulla, zuga-zugi kuma na jar fatar Rasha, wadda ake jiƙa wa man ɓawon wata bishiyar ƙasashen sanyi mai ƙamshin da ƙwari ba sa so. Mu da muka san abin da hunturu ke yi wa takalmin fata, da abin da damina ke yi wa jakar da aka manta a ɗaki, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Zuga-zugi mai tsawon ƙafa 20

A ƙarni na 19 yawanci ba a faɗaɗa hoto. Ana ɗora dodon hoton ne kai tsaye kan takarda a haska, saboda haka girman hoto shi ne girman farantin da aka ɗauka da shi. Mai son babban hoto sai ya nemi babbar kyamara.

Wannan ne ya haifar da abin mamakin shekarar 1900. Kamfanin jirgin ƙasa na Chicago & Alton a Amurka ya so a ɗauki sabon jirginsa, Alton Limited, daga kai har wutsiya a hoto ɗaya. Mai hoto George R. Lawrence ya sa aka ƙera masa kyamara a birnin Shikago mai ɗaukar farantin gilashi ƙafa 8 a ƙafa 4 da rabi. Nauyinta fam 900 ne, wato wajen kilo 400, kuma mutum 15 ne ke aiki da ita. Zuga-zuginta yana miƙewa ƙafa 20. Maimakon kwali, siraran katako aka yi wa haƙarƙari da su, aka rufe da roba mai kauri, aka kuma ƙarar da gam sama da galan 40 wajen haɗa shi. An aika da hoton jirgin zuwa babban baje kolin Paris na wannan shekara. Duk da girman, tsarin nan ne dai na hawa uku.

Daga ganiya zuwa kwana

Rabin farko na ƙarni na 20 shi ne ganiyar zuga-zugi. 'Yan jaridar Amurka sun riƙe Speed Graphic ta kamfanin Graflex, wadda ta fito a 1912, kuma da ita Joe Rosenthal ya ɗauki hoton kafa tuta a tsibirin Iwo Jima a 1945. Gidan Deardorff na Shikago ya fara ƙera kyamarorin katakon mahogani, dangin maɗacinmu, a 1923. Linhof na birnin Munich a Jamus ya yi suna da kyamarar ƙarfe mai suna Technika. Edward Weston da Ansel Adams sun ɗauki da yawa daga shahararrun hotunansu a kan fim mai inci 8 a inci 10. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a 1948, yana ɗaukar mutanen gari cikin kwalliyarsu a kan dodo mai santimita 13 a 18. Da aka fito da waɗannan dodanni bayan shekara arba'in aka faɗaɗa su, har zaren saƙar rigunan ana iya gani.

Wajen 1948 wani mai hoto ɗan Suwizalan, Carl Hans Koch, ya fito da kyamarar Sinar, wadda kowane yankinta ake iya cire shi a sauya. A nan zuga-zugi ya daina zama abin da aka manne da gam har abada. Ya zama abu mai firam a kowane baki, ana zare shi cikin daƙiƙoƙi a saka wani: dogo don ɗaukar abu kusa-kusa, ko mai siffar jaka marar haƙarƙari don ido mai faɗin gani. Kamar dai Koch ya yarda tun farko cewa wannan yanki mai tafiya ne, gara a sauƙaƙa sauya shi.

Amma tun 1925 ƙaramar kyamarar Leica ta nuna wata hanya: ƙaramin fim, ido cikin bututun ƙarfe mai murɗawa, babu fata ko kaɗan. Sannu a hankali 'yan jarida suka koma ƙananan kyamarori. An daina ƙera Speed Graphic a 1973, tsohon gidan Deardorff ya rufe a 1988, sannan hoton dijital ya zo ya kwashe masu ɗaukar hoton talla, waɗanda su ne manyan abokan cinikin da suka rage. Kyamarorin ba su ɓace ba, suna nan da yawa a hannun jama'a. Masana'antun da za a rubuta wa a ce a aiko da sabon zuga-zugi ne suka yi ta raguwa.

Me ya sa wasu ba su haƙura ba? Fim mai inci 4 a 5 ya ninka na ƙaramar kyamara wajen sau 15 a faɗi, mai inci 8 a 10 kuwa wajen sau 60. Ga kuma motsin allunan nan. Shi ya sa har yanzu kamfanin Ilford na Ingila yake yanka irin wannan fim, ƙananan masana'antu kuma irin su Intrepid a Ingila da Shen Hao a ƙasar Sin suke ƙera sababbin kyamarori.

Neman sabo

Wanda tsohuwar kyamara ta faɗo hannunsa, gwaji ne matakin farko. Ya shiga ɗaki mai duhu, ya miƙe zuga-zugin iyakar tsawonsa, ya saka tocila a ciki, ya jira idonsa ya saba da duhu, sannan ya bi kusurwoyi ɗaya-ɗaya. Huji biyu ko uku ana iya toshe su da baƙin fenti mai laushin roba, ko a riƙa yafa baƙin ƙyallen nan a kai lokacin ɗauka. Idan kuwa ya ga kamar taurari a daren sha tara, faci ya ƙare. Fatar da ta fara ruɓewa, a toshe nan ta ɓalle can, kuma yawan faci yana ƙara kaurin da zai hana kyamara rufuwa.

Mai Sinar ko makamanciyarta ya huta, domin ana samun na hannu da firam ɗinsu. Mai tsohuwar kyamarar katako kuwa sai an yi masa nasa na musamman. Birnin Birmingham na Ingila ya daɗe da wannan sana'a. Kamfanin Camera Bellows ya yi ta a can tun ƙarshen ƙarni na 19, da ya rufe kuma tsofaffin ma'aikatansa suka ci gaba da ita da sunan Custom Bellows. Akwai kuma masu yi a ƙasar Sin da wasu ɗaiɗaikun masu sana'ar hannu. Abin da za su tambaya shi ne girman bakin gaba, girman bakin baya, iyakar miƙewa, da kaurinsa idan an takure. Mafi alheri a aika musu da tsohon ɗungurungum. Kada a kuskura a yar da firam ɗin da yake manne a jiki, domin sau da yawa ya fi fatar wuyar samu.

Tsawo ma ba da ka ake zaɓarsa ba. Ido mai milimita 150, wanda aka saba ɗora wa kyamarar inci 4 a 5, yana bukatar miƙewar milimita 150 don abin da ke nesa. Don a ɗauki fure ya fito a fim daidai girmansa kuwa, sai an miƙa milimita 300, hasken da ke isa fim kuma ya ragu zuwa rubu'i. Gajeren zuga-zugi yana hana ɗaukar abu kusa. Wanda ya cika tsawo kuma yana lotsawa a tsakiya ya yanke gefen hoto, ko ya cunkushe ya hana alluna motsi.

Hanya ta ƙarshe ita ce mutum ya yi da kansa. Ya warware tsohon ya shimfiɗa, ya kwafi tsarinsa, ya yanka haƙarƙari, ya manne, ya kai haɗin bakin ƙyallen ƙasa ya kuma yanka shi a karkace don kada kauri ya taru wuri ɗaya, sannan ya bi ninki ɗaya-ɗaya da yatsa, ya danne shi da nauyi ya kwana. A yau an fi amfani da ƙyallen nailan mai rufin roba maimakon fata, amma aikin hannun bai canza ba tun zamanin Kinnear.

A nan ne tarihin ya tsaya mana. Kyamarar da aka ƙera kafin a haifi kakanninmu tana iya ɗaukar hoto gobe da safe, muddin akwai mai iya yanka kwali daidai ya ninke fata. Ranar da aka rasa wannan hannu, katako da tagulla da gilashi duk sun zama kayan ado. Kayan aikin kuwa ba baƙi ba ne ga kowane baduku: wuƙa mai kaifi, gam, siririyar fata, ma'auni da haƙuri. Saboda haka idan ɗayanmu ya ci karo da irin wannan akwati a ɗakin ajiyar wani tsohon shagon hoto, fatarta ta zube kamar busasshen ganye, kada ya ɗauka ta mutu. Ya tattara yagaggen zuga-zugin da firam ɗinsa ya adana, domin daga jikinsa za a auna sabon. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.